Ashirin Biyu Ba Biyar

Tun da na dawo daga ƙasar Dahome ban zauna a ƙofar gida ko a kasuwar Gaya ba tare da wani ya tambaye ni yadda tafiyar ta kasance ba. Wani ya ce ko na ga teku, wani ya ce ko da gaske ne ruwan sama ba ya ɗaukewa a can. Ban ga teku ba. Nakan ba da labarin gutsure-gutsure, in na zo wani wuri sai in yi shiru, su ma su ƙyale ni. Shi ya sa na ga gara in rubuta shi gaba ɗaya da ɗan bokon da na koya a ajin yaƙi da jahilci, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba.

Matata Rabi, Allah ya jiƙanta, ba 'yar nan ba ce. Bayarabiya ce daga wani gari da ake kira Ketu, can bayan iyaka. Tana yarinya ƙanwar mahaifinta mai cinikin goro ta zo da ita Gaya. A nan ta girma, a nan na aure ta na kai ta ƙauyenmu Toranke. Hausarta ta fi tawa daɗi, abu ɗaya ne bai taɓa komawa Hausa a bakinta ba, wato ƙirga. In tana ƙirga ƙwai, ko kaji, ko zare a kan masaƙarta, da yarensu take yi, a hankali kamar mai waƙa. In na tsokane ta sai ta yi dariya ta ce, "Malam, in na ƙirga da Hausa kajin ba sa cika."

Ba ta taɓa komawa gida ba. Kowace shekara mukan ce sai in kaka ta yi kyau, sai kuma wani abu ya taso, ga haihuwa, ga yaƙi da ya zo ya tsayar da fatake. Ta rasu ƙarshen damina, shekarar da naira ta shigo, bayan zazzaɓin da bai daɗe ba.

A gidansu, in ji ta, uwa ce take saƙa wa 'yarta majanyin goyon fari, kuma zubin zarensa iri ɗaya ne tun daga kakanni. Nata, uwarta ta aiko mata da shi ta hannun fatake lokacin da ta haifi babban ɗanmu. Da shi ta goyi yaranmu duka, har gobarar da ta taɓa cin ɗakinta ta haɗa da shi. 'Yarmu mace ɗaya ce, Hajara, tana aure a Balan, kuma a lokacin tana ɗauke da cikin fari. Rabi ta riga ta kaɗa zare, an kai marina ya dawo baƙi sitik, saura wadari, wato jera zaren a kan masaƙa, sai ciwo ya kwantar da ita. Cikin zafin zazzaɓin ba ta kira sunan kowa ba. Yatsunta ne suke motsi a kan tabarma, bakinta yana jero wasu kalmomi na yarensu. Hajara, da take zaune a kanta, ta kama guda uku na farko. Sauran sun fi ƙarfinta.

Da Hajara ta dawo gida goyon ciki, ta sa wanta ya kai kalmomin nan uku wajen wani Bayarabe mai sayar da yadi a Gaya. Ya ce ai ƙirga ne, talatin da biyar, goma sha bakwai, hamsin da takwas. Yayata Mairo, wadda ta iya saƙa, ta sayo jan zare ta yi wadari yadda muka saba, baƙi talatin da biyar, ja goma sha bakwai, baƙi hamsin da takwas, ta sake komowa farko. Hajara ta daɗe tana kallo.

"Gwaggo, ba shi ba ne. Inna ta ce jan siriri ne kamar zanen kwalli. Wannan kamar an ɓarar da manja."

"Ke yarinya, majanyi ai majanyi ne. Jariri ya san launi?"

Hajara ta matso kusa da masaƙar. Ta warware zaren da hannunta, ta naɗe, ta shiga da shi ɗakin uwarta. Daga ranar cin abincinta ya koma na tsuntsu. Wata safiya Mairo ta same ni a zaure ta ce, "Idi, yarinyar nan za ta hau gwiwa babu jini a jikinta. Ko ka yi mata faɗa, ko ka nemo mata abin da take so." Ban ga ta inda zan fara faɗan ba. Ga shi kuma babu wanda ya kai wa mahaifiyar Rabi labarin rasuwarta, ban ma san ko tana da rai ba. Na sayar da ɗan maraƙina, na ɗauki ƙullin baƙin zare ɗaya na sa a jaka.

Daga Gaya na hau motar fatu, a can sama, warin ya bi rigata har Kano. A tashar jirgi na ga mutanen da ban taɓa ganin yawansu ba. Wani ya nuna mini tarago, na shiga na zauna a kujera mai laushi ina gode wa Allah, sai mai duba tikiti ya zo ya kore ni zuwa na katako, inda ya ce nan ne daidai da ni.

A can na samu abokan zama biyu. Ɗaya tsoho ne ɗan kasuwar goro mai zuwa Ibadan, kowa Baba yake ce masa. Ɗayan matashin malamin firamare ne daga Ringim za shi kwas. Tun daga Zariya suke musu, a kan sabon kuɗi.

"Da kowa ya san sule kwabo goma sha biyu ne, fam sule ashirin," in ji Baba. "Yanzu an ce komai goma-goma, an rikita tsofaffi."

"Baba, ai goma ta fi sauƙi. Yatsunka nawa?"

"Ashirin. Kai da kake kulle naka a takalmi sau ciki ka manta da su."

Malamin ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce Baba bai yi ƙarya ba, goma ba saukakkiya ba ce daga sama, zaɓa aka yi. Ya ce akwai mutanen da can da suke ƙirga sittin-sittin, shi ya sa har yau awa take da minti sittin, kuma a sabon lissafin da suke koyarwa ana nuna wa yara ƙirgan biyar-biyar, har da na biyu-biyu.

"Biyu-biyu?" in ji Baba. "Ashe takalman masallaci kuke koya musu ƙirgawa."

Ya ce shi ya tarar da kakarsa ba ta cewa ashirin sai hauya, ba ta cewa ɗari sai zangu, tun zamanin wuri. Ganin hirar ta zo kusa da abin da ke raina, sai na faɗi kalma ta farko cikin ukun nan, marundinlogoji. Baba ya juyo ya dube ni.

"A ina ka samo wannan?"

"A gida."

Bai ƙara tambaya ba. Ya ce, "Talatin da biyar ne, amma su ba haka suke faɗa ba. Ogun shi ne ashirin, ogoji ashirin biyu. Abin da ka faɗa yanzu, ashirin biyu ba biyar ke nan. Su da sun kai goma sha biyar sai su daina duban baya, su hango ashirin su riƙa faɗin abin da ya rage."

Na ce mu ma ai muna cewa ashirin ba ɗaya.

"Mu sai mun zo bakin ƙofa muke sallama. Su tun daga nesa."

Muka haye gadar Jabba kowa yana salati, ni ban leƙa ba. Daga nan itatuwa suka fara yawa, rumbuna suka ɓace, rufin ɗakuna ya koma kwano mai tsatsa. Abokan zamana suka sauka a Ibadan. Baba ya ba ni goro fari guda, ya ce Allah ya jiƙan wanda ya rasu, alhali ban gaya masa an yi rasuwa ba.

Na sauka a Abekuta, na nemi Sabo inda Hausawa suke, wani mai masauki ya ba ni tabarma a zaurensa. Aka kawo mini tuwon garin doya, baƙi-baƙi, mai santsi, na zaci ya lalace ne, har na fara neman inda zan ajiye shi ba a gani ba. Miyar kuwa barkono ce aka ɗan sa wa ruwa. Loma ta biyu idona ya kawo ruwa. Na bar shi ya zuba, tunda an samu abin ɗora wa laifi.

Abin da ya fi ba ni mamaki a can shi ne mata. Su ne kasuwa, su ne ciniki, murya a sama, miji yana gefe ba ya sa baki. Amma ba wannan ne ya hana ni sakewa ba. Yadda suke ɗaura kallabi, yadda suke dafa ƙugu da bayan hannu, yadda suke jan wata 'yar ƙara a maƙogwaro in sun ji abin mamaki, duk na san su. Shekara da shekaru ina zaton halin Rabi ne ita kaɗai. Ashe na gari guda ne. Akwai wata da na bi da kallo har ta sha kwana, don tafiyarta kawai.

Motar Imeko, garin da ke kan hanyar iyaka, ta cika har ana riƙe ƙofa da igiya. Wata mata ta ajiye kwando a kan ƙafata. Muna cikin tafiya na ji abu mai sanyi yana hawa ƙaurina, na duba, dodon koɗi ne, ƙato kamar dunƙulen hannu, ga 'yan'uwansa suna biye. Na zabura har hulata ta faɗi. Matar ta tsince su ɗaya-ɗaya tana yi mini faɗa, da alama ni ne na tsorata mata su.

Iyakar tana wani gari, Ilara. Na zaci zan ga katanga ko kogi. Gari ɗaya ne, yare ɗaya, sai sanda da aka gitta a hanya da wani jandarma, ɗan sandan can, a ƙarƙashin rumfa. Allah ya haɗa ni da wani Bahaushe mai kora shanu wanda ya iya ɗan Faransanci. Jandarman yana ƙirga masa shanu da ƙarfi, mutumin ya raɗa mini, "Ji shi. In ya kai tamanin cewa zai yi ashirin huɗu. Ƙasar nan har Nasaranta a kan ashirin suke tafiya." Da aka zo kaina jandarman ya zazzage jakata, ya ɗaga ƙullin zaren yana magana.

"Ya ce kayan sayarwa ne?"

"Ce masa gaisuwar mutuwa zan kai."

"Ya ce wa ya mutu?"

"Matata. Zaren nata ne."

Jandarman ya dubi zaren, ya mayar da shi cikin jakar da kansa, ya ɗaga sanda.

A zangon Ketu aka haɗa ni da wata dattijuwa mai tuwo-tuwo, Tabawa, Bazazzagiya, wadda ta daɗe a garin har yarensu ya zauna a bakinta. Da ta ji daga inda nake sai ta ce, "Bakano har nan? Me aka ce maka ana rabawa kyauta?" Na gaya mata abin da ya kawo ni. Ta ajiye ludayin da ke hannunta. Ta zuba mini tuwon dawa da miyar kuka, ta ƙi karɓar komai, ta ce in na biya za a ce Bakano ya yi kyauta, duniya ta tashi.

Ita ta shiga kasuwa tana tambayar tsofaffin mata ko sun tuna wata yarinya daga gidan masaƙa da gwaggonta ta tafi da ita ƙasar Hausa. Ta dawo da la'asar ta tsaya a kaina ta ce, "Uwarta tana da rai."

A hanya ta yi mini gargaɗi biyu. Na farko, kada in faɗi rasuwar da bakina, a nan ba a gaya wa uwa mutuwar ɗanta kai tsaye, sai an tara manya. Na biyu, in mun shiga in kwanta rub da ciki, haka suruki yake gaisuwa. Na ce goshina na Allah ne.

"Wa ya ce ka yi sujada? Ƙirji za ka kai ƙasa. Kai dai Bakano komai sai an yi ciniki."

Muka shiga wani gida mai dogon baranda, masaƙu a jingine da bango, mata suna aiki. Na tafi zan kwanta, babbar rigata ta harɗe ni, na tsaya tsakanin durƙuso da faɗuwa. Matan suka kwashe da dariya. Tsohuwar da ke zaune a kan kujera 'yar tsugunno ba ta yi ba. Ƙarama ce, goshinta irin na Rabi, har wushiryar. Da Tabawa ta faɗi ko ni wane ne, ba ni ta kalla ba, ƙofa ta kalla, ta daɗe tana kallo. Sannan ta dubi jakata. Ban san lokacin da na fito da ƙullin zaren na ajiye a gabanta ba. Ta ɗauka, ta murza zaren tsakanin yatsu biyu, ta yi wata magana gajeriya. Dariyar ta tsaya.

"Me ta ce?"

"Ta ce kaɗin hannun 'yarta ne. Ta ce ba sai an kira manya ba."

Abin da ya biyo baya ba zan rubuta shi ba.

Na bar ta kwanaki kafin in koma. Da na koma ta sa aka kawo mini ruwa da sakwara. Don in samu abin faɗa na tambayi 'ya'yanta nawa, Tabawa ta harare ni ta ce a nan ba a ƙirga wa mutum 'ya'ya, ta ƙi fassarawa. Mutanen da suke ƙirga komai har da abin da babu, wannan ɗaya ne ba sa ƙirgawa. Iya, haka kowa yake kiranta, ita ta riƙa tambayar jikokinta, kowane da sunansa. Da muka zo kan Hajara na gaya mata halin da na baro ta. Sannan na daure na faɗi kalmomin nan uku.

Wata yarinya ta toshe baki don yadda na karya su. Iya kuwa ta ɗauka daga inda na tsaya, ta ci gaba da jerowa a hankali kamar mai waƙa, yatsunta suna motsi a kan cinyarta, har ta kai ƙarshe. Na sunkuyar da kai ina kallon ƙasa.

Na ba ta labarin wadarin Mairo, baƙi kaza, ja kaza. Ta girgiza kai, ta sa aka kawo ƙwallayen kwakwar manja, baƙaƙe, da busasshen barkono. Ta jera ashirin a ƙasa, ta jera wasu ashirin a gefensu, ta kwashe biyar daga ƙarshe.

Na ce, "Saura talatin da biyar."

Ta ture hannuna, ta nuna ƙasar da babu komai, inda biyar ɗin suka tashi. Ta ɗauki barkono biyar ta jera a wurin.

"Ta ce kai abin da ya saura kake kallo," in ji Tabawa. "Abin da aka cire, nan ne wurin ja."

Ta sake yi da ta biyu, ashirin ba uku, ja uku. Ta uku, ashirin uku ba biyu, ja biyu. Kowace kalma tana ɗauke da baƙinta da janta, kuma kowane layi sai ya cika ashirin cif kafin a shiga na gaba. Mai yadin Gaya bai yi mana ƙarya ba. Da ya mayar da ƙirgan goma-goma irin namu ne gurbin ya ɓace, Mairo ta rasa inda za ta sa ja.

Na ce zan rubuta. Iya ta ce Rabi da baki ta ɗauka. Haka na riƙa zuwa kullum ina zama a barandarta ina maimaitawa, ita tana gyara mini, matan suna ɓoye dariya a bayan masaƙa. Tabawa ta ce, "Gemu da furfura ana koyon ɗaya-biyu. Da Zariya aka haife ka da tuni ka gama."

Ranar da zan tafi Iya ta shiga ɗaki ta fito da jan zare a naɗe cikin tsumma. Ta ce baƙi ana samu ko'ina. Ta ce ta daɗe da ajiye wannan, tana jiran ranar da za a aiko cewa Rabi ta aurar da 'ya. Ta tambaye ni inda aka sa Rabi, na ce gabas da gari, kusa da wata bishiyar gawo, ana zuwa. Sannan ta sake tambaya.

"Ta ce, tana yin dariya a wurinku?"

"Ce mata tana yi. In tana ƙirga kaji."

Iya ta rufe fuska da gefen zaninta. Ban san ko dariya take ko kuka ba, Tabawa ma ba ta gaya mini ba.

Dawowa ba ni da labari mai yawa, don ban yarda na yi hira da kowa ba, tsoro nake kada wata kalma ta zube a hanya. Ina zaune a jirgi bakina yana motsi. Wani ya zaci wuridi nake, ya ajiye mini goro a cinya ya ce Malam a sa mu a addu'a. Na sa shi.

Na tarar Hajara ba ta sauka ba, amma ta rame, idonta ya faɗa. Na ba ta jan zaren na ce daga kakarta. Washegari na tsaya a tsakar gida, wurin da namiji ba ya tsayawa, ina faɗa, ita da Mairo suna wadari.

"Idi, yi a hankali," in ji Mairo. "Ni ba Bayarabiya ba ce. Faɗi da Hausa."

"Ashirin biyu ba biyar. Ki cike da ja."

"To haka za ka ce."

Hajara tana bina da baki har kalma ta uku. Da na faɗi ta huɗu sai hannunta ya tsaya a kan zaren. Na faɗi ta biyar.

"Haka ne, Baba," ta ce. "Haka take cewa."

Ranar ta cinye tuwonta, Mairo ta ƙara mata ba ta ce a'a ba.

Ta sauka lafiya, mace, aka sa mata sunan kakarta Rabi, muna kiranta Ummi. Masu zuwa barka suna cewa Allah ya cike gurbi, ina amsawa da amin, don gaskiya suka faɗa. Bayan wankan jego aka zo mayar da Hajara Balan. Na tsaya a ƙofar gida ina kallon bayanta, jaririyar ɗaure da majanyin, jan siriri kamar zanen kwalli. Da suka yi nisa layukan suka ɓace wa idona, majanyin ya koma baƙi kawai. Na tsaya dai ina jero su da baki har na kai ƙarshe, sannan na shiga gida.

Kajin Rabi suna nan, ni nake rufe su da magariba. Goma sha bakwai ne yanzu. In an tambaye ni, ashirin ba uku nake cewa.